Shafin ma'aikatanmu na cikin gida ya tsufa: me za mu nema daga masu ba da shawara?

Jami'ar_Ma'aikata ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sashen kula da ma'aikata a wani kamfani mai mutum kusan 300, kuma rabinsu ba sa zaman ofis, da waya suke aiki. Shafinmu na cikin gida, inda ake ajiye fom-fom da ƙa'idoji da sanarwa, yana kan SharePoint 2013, manhajar Microsoft ta ajiye takardu da raba su, a sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayananmu. Yanzu kusan ba mai buɗe shi. Duk mai neman fom ɗin hutu sai ya kira ofishinmu, ko ya tambaya a rukunin WhatsApp a turo masa wanda aka daina amfani da shi. Shugabanni sun amince a ɗauko masu ba da shawara kan fasaha daga waje. Wane aiki ne takamaimai ya kamata su yi mana, da me za su fara, kuma yaya za mu bambanta wanda ya san aikin da wanda ya zo tallar manhaja?

Mai_Tsara_Bayanai ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Tambayarki ta ƙarshe ce mafi sauƙin amsawa. Duk wanda ya faɗa muku sunan manhajar da za ku saya tun a zaman farko, alhali bai ga abin da ke cikin tsohon shafin ba, ku yi masa godiya ku nemi wani. Mai sanin aiki tambayoyi yake fara yi.

Aikin farko shi ne ƙidaya. Su fitar da jerin duk abin da ke cikin shafin a jadawali ɗaya: adireshin kowane shafi ko fayil, girmansa, ranar da aka gyara shi na ƙarshe, wanda ya gyara, da sau nawa aka buɗe shi cikin watanni 12 da suka wuce. Daga nan a ƙara gurbi biyu da na'ura ba za ta iya cikewa ba. Na ɗaya, wane ne mai wannan takarda, da sunansa, ba sunan sashe ba. Na biyu, hukunci: a ɗauka yadda take, a sake rubuta ta, a kai ma'ajiyar tarihi, ko a goge. Masu ba da shawara za su shirya jadawalin su kuma bi sawu, amma hukuncin na shugabannin sassa ne, domin baƙo ba zai san cewa ƙa'idar tafiye-tafiye ta 2017 an soke ta ba. A nan aiki ya fi tsayawa. Shugaban sashe zai ce ba shi da lokaci, a kwashe komai kawai. In aka biye masa, fom ɗin hutu iri huɗu za su bi ku zuwa sabon shafi, ma'aikaci ya bincika ya ga huɗu, ya rasa na gaskiya, ya koma kiranki a waya. Maganin shi ne a sa doka tun farko da hannun babban shugaba: duk abin da ba a samu mai shi ba zuwa rana kaza, ma'ajiyar tarihi za a kai shi. Sai dai kafin a goge komai, a tuntuɓi lauyan kamfani kan takardun da doka ta wajabta a ajiye na wasu shekaru.

Aiki na biyu, su zauna da ma'aikata. Mutum 12 zuwa 15 daga sassa daban-daban sun isa, kuma lallai a sa waɗanda ke aiki a waje. Kada a tambaye su "me kuke so a sabon shafi?", amsar ba ta da amfani. A ce wa mutum: nuna mini yadda ka nemi kuɗin tafiyarka na ƙarshe. Za a ga ya buɗe imel, ya nemo wani saƙo na bara, ya sauke fom ɗin da ke maƙale, ya cike, ya ɗauki hotonsa. Wannan kallo na minti biyar ya fi tarin takardun jin ra'ayi. A kuma duba kalmomin da aka fi rubutawa a akwatin bincike, musamman waɗanda ba su dawo da komai ba.

Daga nan sai tsarin jerin zaɓi, wato yadda za a karkasa abubuwa a sabon shafin. A rubuta abubuwa 40 zuwa 50 da aka fi nema a kan katuna, kowanne kati ɗaya, a ba ma'aikata su haɗa waɗanda suke ganin sun dace da juna su raɗa wa kowane rukuni suna. Kusan kullum za ki ga mutane da buƙata suke tunani, "hutu", "albashi", "kwamfutata ta lalace", yayin da tsohon shafin ke bin sunayen sassa. Sabon ma'aikaci bai san ko kuɗin tafiya na sashen kuɗi ne ko na sashenku ba, kuma bai kamata a tilasta masa sani ba.

Injiniyan_Saba ya rubuta:

Na yarda da Malam, amma akwai abin gaggawa da ba zai jira ƙidaya ba. Microsoft ya daina tallafa wa SharePoint Server 2013 tun 11 ga Afrilu 2023, wato babu sauran gyaran tsaro. Su tabbatar a makon farko cewa ba a iya kai wa sabar nan daga intanet kai tsaye, kuma akwai kwafin ajiya da aka gwada dawo da shi aka ga yana aiki. Kada kuma wani ya ce ku hau SharePoint 2016 ko 2019 ku zauna, domin ranar ƙarewar tallafinsu duka biyun ita ce 14 ga Yuli 2026. In dole ne bayanai su zauna a sabarku, akwai SharePoint Server Subscription Edition, wanda ake biyan kuɗinsa lokaci-lokaci, amma ba a tsallakawa can daga 2013 kai tsaye, sai an bi ta 2016.

In kuwa SharePoint Online za ku koma, wato wanda ke zaune a sabar Microsoft ta intanet, ga inda ƙaura ke karyewa. Cikakken adireshin fayil, da sunayen duk jakunkunan da yake ciki, ba zai wuce haruffa 400 ba, saboda haka jaka cikin jaka har hawa goma za ta ƙi wucewa. Sunan fayil mai ɗauke da alamomi irin su * ko ? ko : shi ma ba ya shiga. Jeri mai abubuwa sama da 5,000 yana shiga, amma zai riƙa ƙin buɗewa in ba a yi wa ginshiƙansa fihirisa ba. Tsofaffin sigogin kowane fayil suna kumbura nauyi sosai, don haka a yanke tun wuri sigogi nawa za a ɗauka. Abin da ya fi cin lokaci shi ne wanda ba ya ƙaura cikin sauƙi: fom-fom na InfoPath (tsohuwar manhajar Microsoft ta ƙera fom), tsofaffin hanyoyin neman amincewa, da duk wani shirin kwamfuta da wani ya rubuta musamman ya ɗora kan sabar. Waɗannan sake gina su ake yi, galibi da Power Automate da Power Apps, kayan aikin Microsoft na gina hanyoyin amincewa da fom-fom, kuma dole kowanne ya fito da sunansa a takardar kwangila. In ba haka ba, a tsakiyar aiki za a ce muku ƙarin kuɗi ne.

Sai izini, wanda shi na fi jin tsoro. A tsohon shafi bincike ba ya aiki da kyau, saboda haka jadawalin albashi da wani ya buɗe wa kowa bisa kuskure yana nan kwance ba wanda ya gani. Sabon bincike zai fito da shi ranar farko, haka ma Copilot, mataimakin AI na Microsoft, in kun kunna, domin dukansu suna nuna wa mutum duk abin da yake da izinin gani. Kada a kwafi tsohon izini. A sake gina shi da rukunoni a Microsoft Entra ID, inda ake kula da asusun ma'aikata, a daina ba mutum ɗaya-ɗaya, sannan a shiga da asusun gwaji na ƙaramin ma'aikaci a rubuta "albashi" da "kora" a akwatin bincike a ga abin da zai fito.

Jami'ar_Ma'aikata ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Batun izinin nan ya tayar mini da hankali. To waɗanda ke aiki a waje fa? Da yawansu ko imel na kamfani ba su da shi.

Malama_Kwangila ta rubuta:

Hajiya, wannan tambayar ce za ta yanke muku irin manhajar da za ku ɗauka, shi ya sa ban so a ɗauka cewa SharePoint ne dole ba. In kuna biyan Microsoft 365 dama, wato kunshin manhajojin ofis da SharePoint Online ke ciki, komawa can na da ma'ana, kuma akwai lasisin F1 da F3 da aka yi domin ma'aikatan fili. Amma su ƙirga kuɗin mutum 150 ɗin nan na shekara uku su ajiye kusa da na wasu zaɓuɓɓuka aƙalla biyu, irin su Staffbase ko LumApps, ko Confluence in rubuce-rubucen aiki ne suka fi yawa. Ki tambaye su a rubuce ko suna samun kamasho daga wani kamfanin manhaja. Samun ba laifi ba ne, amma ku sani.

Kowace aka zaɓa, kowane ma'aikaci sai ya samu asusu nasa, shiga sau ɗaya da kalmar sirri ɗaya, da tabbaci na biyu ta waya. A haɗa asusun da rajistar sashenku, ta yadda ranar da kika rufe fayil ɗin wanda ya bar aiki ƙofarsa za ta rufe da kanta. Gwajin kuma a yi shi kan ƙaramar waya mai arha, a inda sabis ke da rauni. Fom ɗin da aka ɗora a matsayin PDF mai shafi shida ba ya cikuwa da babban yatsa a tsaye. A mai da shi fom na shafi mai gurbi biyar ko shida.

A kwangila, ki raba aikin kashi-kashi, kowanne da abin da za su miƙa kafin a biya: rahoton bincike da jadawalin ƙidaya, sannan gwaji da sashe ɗaya na makonni uku zuwa huɗu, sannan ƙaura, sannan kwana 30 na tsayawa bayan buɗewa. Asusun babban mai kula ya kasance da sunan kamfaninku tun rana ta farko. Su horar da mutum biyu naku, kada ya zama ɗaya, su bar takardar da ta bayyana wa ke da ikon wallafawa da kuma lokacin da za a sake duba kowace ƙa'ida, misali duk wata 12. A kuma rubuta yadda za ku fitar da bayananku in kun so tashi. Meta, kamfanin Facebook, ya sanar a 2024 cewa zai rufe Workplace, dandalinsa na sadarwar ma'aikata, kuma kamfanonin da suka gina komai a kansa dole suka nemi wurin komawa.

Injiniyan_Saba ya rubuta:

Ƙari kaɗan kan ranar sauyawa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. A kwashe mafi yawan fayiloli makonni kafin ranar, da dare da ƙarshen mako, domin Microsoft na rage gudun ƙaura a lokutan aiki. Ana gobe sai a kulle tsohon shafin ya zama na karatu kawai, a kwashe abin da ya canza. A bar shi a kulle kamar kwana 60 kafin a kashe sabar. Adireshi 50 da aka fi buɗewa a karkatar da kowanne zuwa sabon wurinsa, saboda suna nan cikin tsofaffin saƙonni da takardun ɗaukar aiki. Su kuma na sashenku, Hajiya, daga ranar duk wanda ya nemi fom a WhatsApp a tura masa mahaɗin shafin, kada a sake tura fayil ɗin kansa.