In karɓi injin yanka takarda na hannu ko in haƙura in tara na sabo?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar nan. Ina yin fulawoyin takarda da ƙananan akwatunan kyauta da katin gayyata, duk da almakashi da reza nake yankawa, yanzu aiki ya fara yawa har yatsuna kumbura suke. To wata ƙawar yayata za ta sayar da Cricut Explore Air 2 ɗinta, ta ce ba ta wani more shi ba, kuma kuɗin hannuna za su kai. In kuma na daure na ci gaba da tari zan iya ɗaukar Silhouette Cameo sabo fil. Ku lura dan Allah, ni takarda kawai nake yi, ba riga ba kofi, intanet ɗina yana yawan ɗaukewa, laftop ɗin ma tsohuwa ce. Kwalin da na fi amfani da shi mai 216 gsm ne, wato ma'aunin nauyin takarda. Wanne za ku ce?

Sadiq_Zane:
Wa alaikumus salam. Cricut Maker 3 kawai Hajiya, an gama magana. Yana yanka yadi, fata, har katako mara kauri, in kika fara buga riguna sai kin gode min.

Ummu_Hanan:
Malam Sadiq ka ma karanta abin da ta rubuta kuwa? Ta ce TAKARDA. Wane katako kuma, kafinta ta ce maka za ta zama?

Sadiq_Zane:
Ai kowa da takarda yake farawa Anti, ba a san gobe ba hhh

Anti_Bilki:
Ki ji nan ƙanwata, tunda kin ambaci intanet. Manhajar Cricut wato Design Space tana son intanet, sai kin buɗe akawun, kuma duk fayil ɗin da za ki ɗora sai da intanet. A kwamfuta ana iya ajiye aiki a yanka ba intanet amma sai kin riga kin sauke shi tun da wuri. Manhajar Silhouette kuwa, wato Silhouette Studio, a kan kwamfutar take zaune, kin girka kin gama. Sai dai abin da ba a gaya wa sababbi, ta kyautar ba ta buɗe fayil ɗin zane nau'in SVG, sai nau'in DXF, in kina son SVG sai kin sayi ta kuɗin wato Designer Edition, biya ɗaya ne dai. Kuma ki fara sauke ta kyautar ki gwada a laftop ɗin kafin ki sayi komai, kyauta ce, in ta riƙa sanƙarewa kin ga kin samu amsarki ba ki kashe ko sisi ba.

Zulai22:
Ni dai wallahi ko a mafarki kar ki sayi na hannu. Ni aka yi wa. Ba zan kama sunan kamfani ba don ba laifinsu ba ne, wadda ta sayar min ce ta cuce ni. Na je gidanta ta kunna, ta yanka min ɗan tauraro ƙarami a kusurwar mat (faifan nan mai danƙo da ake manna takarda a kai), ya fita tas, na biya ina murna har da godiya. Ashe in aiki ya wuce rabin shafi injin zamewa yake yi, robar rolar da ke riƙe mat ɗin gefe ɗaya ta cinye, sai mat ya dinga karkacewa kaɗan kaɗan. Ka sa zagaye ya fito maka kamar ƙwai, layin da ya fara ba ya haɗuwa da inda ya ƙare. Ni kuma a lokacin na riga na karɓi aikin akwatuna masu yawa na karɓi rabin kuɗi, na sayo kwali mai sheƙi mai tsada, ina sawa yana lalatawa ina cewa ko saitin ne, na canza wuƙa, na sayi sabon mat, na kwana ina kallon bidiyo, kwali ya ƙare a kwandon shara. Ƙarshe almakashin da na guda shi na koma, ni da ƙannena muka raba dare muna yanka, duk da haka ban cika alkawari a kan lokaci ba, matar ta karɓi kayanta ba ta sake nemana ba. Na kira mai injin ta ce ai lafiya lau ta ba ni, ni ce ban iya ba. Daga nan ta daina ɗaukar wayata.

Ummu_Hanan:
Innalillahi. Allah ya mayar miki da alheri Zulai.

Hauwa_Fulawa:
Sannu 'yar uwa. Amma rola ai ana canzawa, kin nemi mai gyara?

Zulai22:
Na nema Anti Hauwa, wanda ya buɗe shi ma ya ƙara masa wata cutar, yanzu ƙara yake kamar zai tashi sama. Yana nan saman kwaba na rufe shi da zani, ko kallonsa ba na son yi. Kuma ba kuɗin ne ya fi min ciwo ba, a gaban yarana ta rantse min.

Baban_Amir:
Saka shi a nan mu yi gwanjo, ni ina neman abin tsorata ɓeraye

Zulai22:
Allah ya shirye ka Baban Amir, ina cikin takaici ka sa ni dariya

Hauwa_Fulawa:
To ni nawa na hannu ne kuma har yau ko tari bai taɓa yi ba, kar a tsorata baiwar Allah. Ƙasa da rabin kuɗin sabo na same shi har da mat da alƙaluma. Maman Ilham ki je da kwalinki da fayil ɗinki, kar ki yarda da nata. Ki sa a yanka shafi cikakke mai inci 12 da 12, har ƙasa, da abu mai ƙananan lanƙwasa irin ganyen fulawa, sannan ki ce a maimaita yankan sau biyu ba tare da an cire mat ba, in na biyun ya bi kan na farko daidai to injin lafiyarsa ƙalau. Ki kuma shiga da akawun ɗinki ki haɗa shi a gabanta ki ga ya karɓa kafin kuɗi su fita hannunki.

Sadiq_Zane:
Rabin kuɗi a ina? Na hannun yanzu kusan kuɗin sabo ake sa masa, gara mutum ya cika ya sayi mai garanti.

Anti_Bilki:
Ku duka kuna lissafin inji ne kun manta abin da ke cin kuɗi. Wuƙa da mat. Takarda tana dakushe wuƙa fiye da sitika nesa ba kusa ba, balle kwali mai ƙyalƙyali. A wannan fannin ni na ga Silhouette ya fi sauƙi.

Hauwa_Fulawa:
A'a Anti Bilki, in kika haɗa da kuɗin Designer Edition ina sauƙin yake? Cricut ɗora SVG kyauta ne.

Malam_Nura:
Kyauta ne kam, amma kuna tuna Maris ɗin 2021? Sanarwa suka fitar cewa wanda ba ya biyan kuɗin rajistarsu na Cricut Access ɗora fayil 20 kawai zai yi a wata. Mutane suka yi ca a kansu, ba a jima ba suka janye gaba ɗaya. Ba ina cewa za su sake ba, amma duk injin da sai ka bi ta sabar kamfani to a hannunsu kake. Shi ya sa ni nake ganin Brother ScanNCut ya fi dacewa da ita, yana da allonsa da sikana a jiki, ta zana da hannu ta sa ya ɗauka ya yanka, ko ta sa fayil a filashi, ba ruwanta da laftop ma.

Ummu_Hanan:
Malam Nura wanne kake da shi a ciki?

Malam_Nura:
Ban saya ba tukuna, amma na yi bincike sosai.

Ummu_Hanan:
To ka ji. Mai kallon bidiyo yana ba mai neman abinci shawara. Shi kuma Malam Sadiq kowa ya san sayar da su yake, dole ya ce Maker.

Sadiq_Zane:
Haba Anti, don ina sayarwa sai a ce ban san abu ba? Ai ni ake dawo wa da ƙorafi, na fi kowa sanin wanda ke lalacewa.

Malam_Nura:
Abin da na faɗa ƙarya ne? Ki nuna min inda na yi kuskure sai in goge.

Anti_Bilki:
Bai yi ƙarya ba gaskiya. Amma akwai abin da sai wanda ya riƙe mat da hannunsa. Misali sabon mat kore na Cricut danƙonsa ya yi wa takarda yawa, in ka ɗaga sai ta yage ko ta nannaɗe, shuɗin nan LightGrip shi ne na takarda, kuma ba takardar ake ɓarewa daga mat ba, kifa shi ake a kan tebur a lanƙwasa mat ɗin a hankali takardar ta zauna a miƙe. Sannan kwalin da cikinsa fari ne in aka yanka bakin yana nuna fari, fulawa ja da farin baki ba ta kyau, ki nemi wanda launin ya ratsa har ciki. 216 ɗinki kuma duka injinan za su yanka, wani lokacin dai sai an bi sau biyu.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To layin ninkin akwati fa, wanne ya fi yi? Shi ne rabin aikina.

Hauwa_Fulawa:
Explore yana da mazauni biyu, ɗaya na wuƙa ɗaya na alƙalami, a nan ake sa sandar yin layin ninki, daban ake sayenta. Amma ki kula, fayil da yawa in kin ɗora layin ninkin a matsayin yanka yake zuwa, sai kin canza shi da kanki kin danna Attach, in ba haka ba akwatin gunduwa-gunduwa zai fito. Wasu masu sayar da fayil ko bayani ba sa sawa.

Rukky_Dizain:
Tunda an zo kan masu fayil bari in amayar da abin da ke raina. Ni nake zana nawa a manhajar zane ta Inkscape, akwati ɗaya sai in yi ta gwaji ina gyara kunnuwan manna har murfin ya zauna daidai, in sa bayani da hoto, in sayar. Rannan wata ta turo min nawa fayil ɗin a wani guruf wai "kyauta ga 'yan uwa", an haɗa shi da wasu ɗaruruwa, ko sunana ba a cire daga ciki ba. Na yi magana aka ce ina da baƙin ciki, ai taimako ake.

Baban_Amir:
Ni na ɗauka in ka saya ya zama naka?

Rukky_Dizain:
Izinin yankawa ka saya Baban Amir, ba izinin rabawa ba. Kuma lasisin ma iri biyu ne, akwai na amfanin kanka akwai na kasuwanci, yawancin masu sayar da akwatuna da na amfanin kai suke yi ba su ma taɓa buɗe takardar sharaɗin ba.

Zulai22:
Amma ku ma masu zanen wasunku sai a hankali, na taɓa sayen fayil ashe hoto kawai aka bi da manhaja, ɗigo-ɗigo sun fi dubu, wuƙa tana ta rawa a wuri ɗaya tana cin takarda. Wa zai dawo min da kuɗina?

Rukky_Dizain:
Wannan ai ba mai zane ba ne, irin masu kwashe na mutane ne su sake sayarwa, su nake magana a kai.

Sadiq_Zane:
Ni dai ina ba kwastomomina tarin fayil kyauta in sun sayi inji, ban ga laifi ba.

Rukky_Dizain:
Malam Sadiq turo min jerin sunayen fayilolin nan ta inbok dan Allah, ina so in duba wani abu.

Maman_Ilham:
Jama'a ni dai matar ta ce zuwa jibi in ban zo ba akwai mai so. Anti Bilki na sauke Studio ɗin tana ta juyawa ba ta buɗe ba tukuna, haka take yi da farko ko laftop ɗin ce?

Ummu_Hanan:
Rukky in ya turo ki sa mana a nan kowa ya gani, ni ma akwai fulawata da nake nema.