Mece ce Hausar "mediation" da "arbitration"?

Malamar sakandare, Zariya: Assalamu alaikum malamai. A darasin ilimin zama ɗan ƙasa nagari, idan aka zo babin warware rikici cikin lumana, kalmomin nan biyu duk "sulhu" ake ce musu. Sai ɗalibi ya shiga jarrabawa an ce ya bambanta su, ya rasa ta cewa. Ina neman kalma ɗaya ga kowace.

Lauya, Kano: Wa alaikumus salam Malama. Tambaya ɗaya ce ta raba su: wa ke yanke magana? A "mediation" mutum na uku da ya shigo tsakanin masu rikicin ba shi da ikon hukunci, sauraro yake yi, yana kusanto da su har su da kansu su cimma matsaya. A "arbitration" kuwa ɓangarorin sun yarda tun farko cewa abin da wane ya yanke shi ke nan, kuma kotu za ta tilasta a bi. Dokar Najeriya ta 2023 kan waɗannan hanyoyi biyu, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta haɗa su a littafi guda amma kowane da sashensa. Na farko ki ce "shiga tsakani", mai yin sa "mai shiga tsakani". Ki ajiye "sulhu" ga sakamakon, wato abin da aka sa wa hannu.

Malamin Hausa, Sakkwato: Na yarda da Barista. Ga na biyu, ya kuka ga "raba gardama"?

Malamar sakandare, Zariya: Malam, gudun da nake yi shi ne "ƙuri'ar raba gardama" ta riga ta zauna a kunnen yara, kuma tana cikin manhaja ɗaya.

Malamin Islamiyya, Damagaram: Ai abin ba baƙo ba ne gare mu. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce idan ana tsoron saɓani tsakanin ma'aurata a tayar da hakami, wato mai yanke hukunci, daga dangin miji da wani daga dangin mata, kuma a Malikiyya hukuncinsu yana zartuwa ko ma'auratan ba su so ba. Fiƙihu na kiran sa tahkimi. Matsalar ita ce yaro zai ji "hakami" ya ɗauka hakimi ake nufi.

Malamin Hausa, Sakkwato: Gaskiya ne, Allah ya gafarta Malam. To mu bi tsarin "alƙalin wasa", wanda kowane yaro ya sani: mai yin sa "alƙalin yarda", aikin kuma "alƙalancin yarda". Alƙali ne, amma yardar masu rikicin ce ta naɗa shi, ba gwamnati ba.

Lauya, Kano: Wannan ya zauna. Malama, ki gwada su a aji da rikici ɗaya, misali maƙwabta biyu a kan kwatar da ke zuba ƙofar gidan ɗaya. Ɗalibai uku. Kowane ɓangare ya samu minti biyu ba katsewa, na ukun ya maimaita abin da ya ji kafin a ci gaba. Zagaye na farko a hana shi faɗin mai laifi, na biyu a ba shi dama ya yanke. Inda ake samun tangarɗa shi ne mai shiga tsakani ya fara cewa "ka yi haƙuri kawai", domin haka yara suka saba gani a gida, sai mai ƙaramin ƙarfi ya yi shiru alhali ruwan na nan yana kwarara. Ki tsayar da su nan take, ki tambayi ajin: wa ya yanke?