Rumfar lambuna tana rangaji

Tambaya: 'Yan'uwa, a taimaka. Na kafa rumfar katako mai ginshiƙai huɗu don inabi ya hau. Da iska ta taso jiya sai na ga tana rangaji, gabana ya faɗi. Zurfin ramukan santimita 30 ne, ƙasa kawai na danna.

Amsa: Ɗan'uwa, ramin bai kai ba. Ka zurfafa shi zuwa santimita 60, tsakuwa a ƙasa, sannan kankare. Ka tudunta samansa, kada ruwa ya kwanta a gindin katakon ya ruɓar da shi.

Amsa: Ka kuma buga guntayen katako a karkace tsakanin ginshiƙi da gicciyen sama. Da na sa wa tawa, rangajin ya tsaya cak.

Tambaya: Na gode. In na sauke saman rumfar don in gyara ramukan, yaushe zan mayar da shi?

Amsa: Bayan mako guda, kana yayyafa wa kankaren ruwa kullum.