Baba na kwance da ciwon huhu, allura ta ƙi ci

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum jama'a, don Allah wanda ya sani ya taimaka min. An kwantar da Babanmu a asibiti nan Katsina saboda shanyewar ɓarin jiki, kwana biyar da ba shi gado sai ga tari da zazzaɓi, numfashi sama-sama, likita ya ce nimoniya ce, wato ciwon huhu. Yau kwana uku ana yi mashi allurar ceftriaxone ba wani sauƙi, sun ɗauki kakinshi sun kai lab wai sai mun jira, kuma ana maganar a koma wata allura mai suna meropenem, kuɗinta kam sai dai Allah ya rufa asiri. Allurar farkon ce jabu ko mi?

Mai aikin lab:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ba lallai jabu ba ce ɗan'uwa. Tunda ya wuce awa 48 a kwance kafin tarin ya taso, to galibi ƙwayar cutar ta cikin asibiti ce, irin su Klebsiella ko Pseudomonas ko Acinetobacter, su kuwa sun saba da magani kamar jaki da duka. Wasu Klebsiella suna fitar da wani sinadari da ake ce ma ESBL, shi ke farfasa ceftriaxone tun ba ta taɓa su ba, ita ko Pseudomonas dama can ceftriaxone ba ta yi mata komai. Jiran nan ba wulaƙanci ba ne wallahi, shuka kakin muke a faranti sai ƙwayar ta tsiro sannan mu jera mata magunguna mu ga wanda ke kashe ta, kwana 2 zuwa 3 abin ke ci. Sannan ku kula wurin ba shi kunu, mai shanyewar jiki yakan ƙware abinci ya faɗa huhu, ku tada mashi kai, masu zuwa dubiya kuma su wanke hannu.

Maman Hanifa, Daura:
Allah ya ƙara sauƙi. Amma mu ma da laifinmu fa, ɗan mura kaɗan sai kemis a sayo ampiclox ƙwaya huɗu a sha, da an ji dama-dama a watsar, alhali mura ko jin wannan kafso ba ta yi, kuma haka ne ke sa ƙwayoyin cuta su saba da magani. Ni yanzu ko yarana ban ba su sai an rubuta.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai. Maman Hanifa kin tuna min, ashe Baba ya sha Augmentin, shi ma maganin kashe ƙwayar cuta ne, har sau biyu watan jiya kuma ba wanda ya faɗa ma likita. Bari in tare shi kafin ya gama zagayen safe.