Shin kuskure ne a ɗora wa macen rabin-barewa ƙaho mai rassa?

Mai zanen: Assalamu alaikum. Makonni uku ke nan ina aiki a kan wata al'umma ta ƙage domin labarin zane: daga ƙugu zuwa sama mutane ne, ƙasa kuma ƙafafu biyu ne masu kofato, kuma barewar da na ɗauka ita ce ta dazuzzukan Turai, wadda ƙahonta ke rassa kamar bishiya. Jiya na gama zana shugabarsu, tsohuwa mai furfura, na ɗora mata ƙaho mai rassa shida a kowane gefe. Malam ya gani ya ce na yi kuskure, domin macen wannan dabba ba ta yin ƙaho. Ban gamsu ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Malamin kimiyyar halittu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, har yanzu ina kan bakana, amma bari in fara da abin da ke rikita mu, wato kalmar barewa. Barewar da muka sani a sahel, namiji da mace duk suna da ƙaho, na macen ya fi siriri da gajarta, kuma ƙahon nan ƙashi ne a ciki da kwanso a waje kamar na saniya, ba ya faɗuwa har mutuwa. Wadda kika ɗauka dangi ne daban. Ƙahonta ƙashi ne zalla, yana tsirowa kowace shekara a cikin wata fata mai laushi kamar karan-miski wadda jini ke gudana a cikinta, idan ya gama girma fatar ta bushe namijin ya goge ta a jikin itace, bayan lokacin barbara kuma ƙahon ya faɗi ƙasa. Makami ne na maza wajen neman mata. A duk Afirka nau'i ɗaya tak na wannan dangi muke da shi na asali, a yankin tsaunukan Atlas da ke arewacin nahiyar, don haka ba abin mamaki ba ne idan idonmu ya gauraya su. Idan kika ɗauki ƙahon, sai ki ɗauki dokarsa.

Ɗalibar likitancin dabbobi: Malam, da girmamawa, dokar tana da ƙofa. Rendiya, wata barewa mai ƙaho mai rassa ta ƙasashen sanyi, wadda al'ummar Sami ke kiwo a arewacin Norwe da Suwidin da Finlan, macenta tana yin ƙaho mai rassa, kuma ita kaɗai ce haka a dangin. Abin da ya fi jan hankalina shi ne lokacin faɗuwarsa. Manyan maza suna zubar da nasu a farkon hunturu, mata masu ciki kuwa suna riƙe nasu har lokacin haihuwa, kuma da shi suke kare ramin da suka tona a cikin dusar ƙanƙara domin kaiwa ga abinci. Ashe ke nan akwai watannin da mace ce mai makami, namiji kansa fayau. Yaya, idan shugabar al'ummarki mace ce, ga dalilin sarautarta nan a cikin jikinta.

Malamin kimiyyar halittu: Na yarda da wannan, ban manta da rendiya ba. Sai dai zanen da aka nuna mini ba na rendiya ba ne. Jajayen ƙafafu sirara ta yi mata da ƙaramin kofato, alhali rendiya kofatonta faffaɗa ne domin taka ƙanƙara, hancinta kuma a rufe yake da gashi. Ba za a ari ƙahon wannan a haɗa da ƙafar waccan ba sannan a ce ilimi ya goyi baya.

Tela mai sha'awar zane: Ni damuwata ba ta jinsi ba ce, ta wuya ce. Na daɗe ina kallon zanen, kuma wuyan tsohuwar nan siriri ne irin na mutum, tsaye a kan kafaɗa. Dabbar tana ɗaukar wannan nauyi ne da wuya mai kauri wanda ya miƙe gaba, da jijiya mai ƙarfi daga ƙeya zuwa gadon baya. In dai ƙahon zai zauna, to a ƙara mata naman ƙeya da kafaɗa, a kuma tuna cewa rigar da ake zurawa ta kai ba za ta shige ta ba, sai wadda ake ɗaurawa ta gefe. Ƙofar ɗakinsu ma dole ta yi faɗi daga sama.

Dattijon cikinmu: 'Ya'yana, mutane sun riga ku tunanin nan da dubban shekaru. A Star Carr da ke arewacin Ingila an tono ƙoƙunan kan barewa da ƙahonninsu, an sassaƙe su an huda su, kuma masana suna ganin ɗaura su ake yi a ka kimanin shekara 11,000 da suka wuce. A Danmak kuma, a 1891, an tsinci tukunyar azurfa ta Gundestrup, a jikinta akwai mutum zaune ya tanƙwashe ƙafa, da ƙaho mai rassa a kansa, maciji a hannu ɗaya, barewa tsaye kusa da shi. Tun da ƙahon faɗuwa yake yi duk shekara, me zai hana ya zama mazan ne ke tsirar da shi, shugabar kuma ta ɗaura wanda ya faɗi a matsayin kambun sarauta? Da haka Malam ya samu dokarsa, ke ma kin samu surarki.

Mai zanen: Baba, na gode, shawarar ta yi kyau ƙwarai, kuma zan ba wa masu unguwanninsu irin wannan kambu. Amma shugabar ina so ƙahon ya zama nata na jiki, wanda take jin zafinsa idan an taɓa shi yana ɗanye. Saboda haka na karɓi gyaran Malam ta ɗaya ɓangaren: zan mayar da ƙasarsu ta sanyi, in faɗaɗa kofaton, in canza launin gashin zuwa toka-toka, in kuma kaurara wuyan kamar yadda aka nuna mini.

Malamin kimiyyar halittu: In haka ne na janye rabin ƙorafina. Rabin da ya rage shi ne girman ƙahon, domin na macen rendiya ya fi na namiji ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma rassa shida masu tsawon nan sun yi mata yawa. Ki rage su, sannan ki turo mu sake dubawa.