Musayar waƙa: me ke hana raha sauka a takarda?

Ɗalibi, unguwar Zariya, Maradi:

Sallama gare ku iyaye har da yayyena,
Na zo da tambaya, ku ji ni da juriya.

A fada in na ba da labari wurin shayi,
Abokai har kifewa suke don dariya.

Na ɗau biki da kaye, wato biro da littafi, na zuba shi duka,
Na ba ƙanwata ta karanta shi jiya.

Ta kai ƙarshe fuskarta ba ta motsa ba,
Ta miƙo min kaye ta koma ga tsintsiya.

Labarin ɗaya ne, ban sauya shi ba,
Daga baki zuwa hannu me ya zube a hanya?

Ga abin da na rubuta: «A nan Nijar malamin lakwal, wato makarantar boko, ake ce wa mushe, amma a Kano mushe sai dabbar da ta mutu ba yanka. To wani baƙo ya zo daga Kano, yara suka ce masa za su kai wa mushe tuwo, sai ya yi mamaki ƙwarai. Abin ban dariya.»

Tsohon malamin lakwal, Tibiri:

Shekara 30 yara na kirana da wannan suna, don haka labarin ya shafe ni, ina son ya fito da kyau.

Ɗana na duba, na sake dubawa,
Labarinka mai kyau ne wurin ginawa,
Laifin guda ne, saurin buɗewa,
Ka buɗe tukunya baƙi ba su zauna ba.

Ka fassara mushe tun daga farko,
Kamar maharbi ya nuna wa zomo tarko,
Ya ce masa zo ka shiga, ka ji ko?
Zomon da ya ga igiya ba zai taka ba.

A fada fuskarka ke yi maka aiki,
Murya ta sauka, ka ɗan kama baki,
Ka bar su jira har su saki jiki,
Takarda ba ta da fuska, ba ka lura ba.

A rubuce aya ita ce kurɓar shayi,
Inda za ka yi shiru, sauka sabon layi,
Kalmar da ke juya zance ke da nauyi,
Sa ta a ƙarshe, bayanta ba a ƙara ba.

Sannan ka goge «abin ban dariya»,
Mai ƙosai ba ta shelar ƙamshin suya,
Hanci ke jawo mai wucewa a hanya,
Bar yara su faɗa, ba kai za ka faɗa ba.

Inna, Madarunfa:

Angona matso ka ji ta bakin tsohuwa,
Mun koyi raha a tatsuniya kafin barci.

Gizo bai taɓa fitowa don a yi dariya ba,
Yunwa gare shi da kwaɗayi da ha'inci.

Da gaske yake ƙulla dabararsa,
Mu ke ƙyaƙyatawa, shi yana neman abinci.

Ba kowa hali guda ka riƙe shi gam,
Rowa ko tsoro ko surutu ko lalaci.

Tsamin bakin Gizo ma ba a gyara shi,
Yadda mutum ke magana rabin barkwanci.

Je ka tsaya wurin dillalin jar akuya,
Yana yabo, mai saye na kushe cikin mutunci.

Rubuta abin da ka ji tun bai tsere ba,
Ga mai koyo kunne ya fi hannu muhimmanci.

Bazabarme mazaunin Maradi:

Ni Bazabarme, zamana a garin nan ya daɗe,
Bagobirin Tibiri abokina ne na wasa.

In na ce zanensa ya fi layin kaye yawa,
Zai dara ya rama, babu zafi a ransa.

Kakanni ne suka bar mana wannan izini,
Bafillace da Babarbare ma, kowa da nasa.

Taubasai na bin kuɗin shara watan cika-ciki,
Jika ya ja gemun kaka ba mai tsawata masa.

A 2014 UNESCO, hukumar al'adu ta duniya, ta sa wasan nan na Nijar
Cikin gadon duniya da ake tattalinsa.

Amma ƙanena, takarda ba ta san taubashi ba,
Tana faɗawa hannun baƙo a wata ƙasa.

Kar ka taɓa makaho ko gurgu ko matalauci,
Wannan zambo ne, ciwo yake bari a bayansa.

Baƙonka na Kano bar shi da hankalinsa,
Kalma ce ta zo da fuska biyu, babu laifinsa.

Tsohon malamin lakwal:

Taubashi, yau kam ka faɗi gaskiya,
Bashin zanen fuska kuwa ban yafe ba.

Ɗalibi:

Na gode Baba, Inna da Yaya, Allah ya saka. Na sake shi sau biyar daren jiya, ga na ƙarshe.

Baƙo daga Kano ya sauka gidan kawu,
Ya ga yara da akushi za su bi hanya.

Ya ce: samari, tuwon wa kuka ɗauko?
Suka ce: na mushe ne, yana can baya.

Ya ce: mushe?
Suka ce: ƙwarai.
Ya ce: yana ci?
Suka ce: yanzu ma ya aiko a ƙaro miya.

Baƙo ya sa takalmi ya nufi Jibiya.

Tsohon malamin lakwal:

Madalla ɗana, yanzu ka kama hanya,
Tambayoyin baƙo sun yi ɗawainiya,
Ni dai da ka tsaya daidai kan miya,
Layin takalmin nan ban ga aikinsa ba.

Inna:

Malam, bar wa angona takalminsa,
Ni nan ne na dara har na zubar da abinci.

Mutum ya taho Maradi da niyyar kwana uku,
Ya juya Jibiya ko hura bai sha ba, sai fargaba da ƙunci.

Ɗalibi:

Zan rubuta biyun in kai wa ƙanwata,
In ga wanda zai sa ta yar da tsintsiya.