Ta yaya zan gane ko tauraron ɗan'adam na cikin garkuwar maganaɗisun Duniya?

Ɗalibi, Kabuga: Salamu alaikum malamai. Ina lissafin nisan NigComSat-1R, tauraron sadarwar Najeriya, daga bakin garkuwar ta amfani da TLE (bayanan zagayen tauraro) da SGP4 (lissafin da ke fitar da wurin tauraro daga TLE) a Python. A watan Maris komai daidai, amma a Satumba sai ya nuna tauraron yana ɓangaren rana da dare. Ina matsalar?

Malam na Gwale: Wa alaikumus salam. Ba ka sauya ma'aunin wuri ba. SGP4 a tsarin auna wuri na TEME yake ba da amsa, wanda layinsa na X ke kallon inda rana take a wajen 20 ga Maris, shi ya sa bayan wata shida ta juya maka baya. Mayar da shi tsarin auna wuri na GSM, inda X ke bin rana kullum, da manhajar SpacePy ta Python. Sannan ka raba kilomita da 6371, wato nisan tsakiyar Duniya zuwa doronta, tauraron zai zauna a ninki 6.6 na wannan nisan. Gwaji mai sauƙi: yana kan digiri 42.5 gabas, don haka wajen ƙarfe goma da ƴan mintuna na safe agogon Kano zai fuskanci rana.

Injiniya, Sharaɗa: Bayan gyaran Malam, ɗauki ƙa'idar Shue ta 1998, mai ba da r0, wato nisan bakin garkuwar daga tsakiyar Duniya ta saitin rana:
r0 = (10.22 + 1.29 tanh(0.184(Bz + 8.14))) × Dp^(−1/6.6)
Bz ƙarfin maganaɗisun iskar rana ne (ƙwayoyin da rana ke fesowa) ta arewa ko kudu, a nT. Dp kuma matsin iskar ne, a nPa: 1.67×10⁻⁶ × n × v². A nan n yawan ƙwayoyin ne a kowane cm³, v gudunsu a kilomita a daƙiƙa. Idan Dp 2 ne, Bz sifili, bakin garkuwar na wajen 10.2, tauraron na can ciki lafiya lau. Amma in Dp ya kai 15, Bz ya sauka −10, r0 zai dawo 6.5, wato tauraron da ke saitin rana ya leƙa waje. Ta gefe kuwa sai ka ninka r0 da (2/(1 + cos θ))^α, domin garkuwar buɗewa take ta baya kamar wutsiya; θ kusurwar da ke tsakanin tauraron da saitin rana ce, α kuma ma'aunin buɗewar ne a ƙa'idar ta Shue.

Malam na Gwale: Injiniya ya manta tarko biyu. Ma'aunin iskar rana daga L1 yake zuwa, wani wuri tsakanin Duniya da rana mai nisan kilomita miliyan 1.5, iskar kan ci kusan awa guda a hanya, amma bayanan OMNI (rumbun ma'aunin iskar rana) na minti-minti an riga an daidaita lokacinsu, kada ka sake ƙarawa. Kuma inda babu ma'auni, jerin lambar tara (kamar 999) suke cikawa. In ba ka tace su ba, garkuwar za ta tsuke haka kawai.

Ɗalibi, Kabuga: Allah ya ƙara ilimi. Karkatar digiri 4 da ake cewa garkuwar na yi daga saitin rana fa, me ke jawo ta?

Injiniya, Sharaɗa: Gudun Duniya ne, kilomita 30 a daƙiƙa, a kan 400 na iska. Juya X da Y da ita kafin ka fitar da θ.